Ledar da Hanci Ya Manna a Ɗakin Kaka

Hanci ɗan gwaggona ne, kuma tun daga farko ina so a sani ba yabonsa na zauna yi ba. Masu yabonsa sun yi yawa a unguwa, har sun fara toshe hanya. Ni da muka tashi ɗaki ɗaya, muka sha bulala ɗaya, ni na san ko wane ne shi.

Ni na raɗa masa sunan muna 'yan shekara tara. Idan zai shigo ɗaki, hancin nan kan riga shi da kamar minti biyu, ya gaisa da jama'a, ya nemi wurin zama, sannan mai shi ya iso. Kuma ba ya barin abin ya huta. Tun yana yaro komai sai ya shinshina: littafi, takalmi, ƙyauren makaranta. Wata rana malaminmu ya kore shi daga aji saboda ya tashi ya ce bangon allo yana warin ruwa. Muka yi dariya har muka faɗo daga benci. Bayan sati biyu allon ya ɓallo da yaɓensa gaba ɗaya, saura ƙiris ya raba malam da yatsun ƙafa. Tun ranar kan Hanci ya kumbura, har yau bai sace ba. Shi kuma ya rama da kirana Rediyo, wai ba a kashe ni sai batir ya mutu. Da na bar makaranta a aji biyu na buɗe shagon gyaran rediyo da waya a ƙofar gidanmu, sai ya ce Allah ne ya amsa addu'arsa.

Shi ma bai yi nisa a karatun ba, kada ya ruɗe ku da gilashin da yake sawa yanzu. Gwaggo ta kai shi wurin wani tsohon magini, kurma, wanda ba ya taɓa sabon gini, sai gyaran tsofaffi. Shekara goma sha biyu ya yi a ƙarƙashinsa. Tsohon ba ya ji, Hanci ba ya magana, don haka ban san yadda aka yi ilimin ya wuce daga wannan kai zuwa wancan ba, ina zargin ta hanci aka ɗura masa. Ya fito da magana ɗaya tak, wadda ya ishe mu da ita shekara ashirin: wai tsohon bango numfashi yake yi. Ya sha ruwa da damina, ya fitar da shi da rani, haka yake rayuwa. Duk wanda ya shafe shi da siminti ko fentin mai, ya toshe masa baki da hanci ne, ruwan zai zauna a ciki ya cinye shi. Idan aka ambaci siminti a gabansa sai ya ɓata rai kamar an zagi mahaifinsa.

Wannan aƙida ta sa an kore shi daga wuraren aiki fiye da yadda aka kori kare daga mahauta. Mai gida zai kira shi ya ce yana son bango sumul mai ƙyalli kafin sati. Shi kuwa sai ya durƙusa, ya kara hanci a gindin bangon, ya lakaci farin gishirin da ke fitowa ya ɗanɗana, ya tashi ya ce ba zai yi ba. Ya ɗanɗani bangaye a garin nan sun fi ɗari bakwai, na rantse cikinsa ya isa a gina ɗaki biyu da shi. Ranar ɗaurin aurena ma, ana ta gaishe-gaishe, aka neme shi aka rasa. Can aka gan shi a bayan gida tare da surukina, yana nuna masa inda indararo ke zubar da ruwa a jikin bango, yana gaya masa ɗakin da aka ajiye amarya bai fi damina uku a tsaye ba. Surukina bai ƙara yi mini kallon arziki ba. Ɗakin kuwa damina biyu ya yi, wannan ya ƙara mini haushi.

Matarsa baiwar Allah ce mai haƙuri. Ta ce mini idan ta shanya wanki a ɗaki, daga bakin titi yake juyowa ya ce a fitar.

To, ga gidanmu. Kakan kakanmu ne ya gina shi da dutse da farar ƙasa, kaurin bangon ya isa mutum ya kwanta a kan taga ya miƙe ƙafa. Shekarun baya ofishin kula da tsofaffin gine-gine ya zo ya kafa mana wani ɗan allon ƙarfe a ƙofa, wanda ma'anarsa ita ce ba mu da ikon rushe ko dutse ɗaya sai in ofishin ya tabbatar bangon ya zama haɗari. A ƙarshen tsakar gida, ɓangaren da rana ba ta cika kaiwa ba, nan ɗakin Kaka yake. Shekara sittin da ɗaya tana cikinsa. A ciki ta haifi mahaifina, da Gwaggo, da babban ɗanta wanda ni nake kira Baffa, Hanci kuma yake kira Kawu. Gadonta na ƙarfe na jikin bangon arewa, akwatunanta uku a jere, rishonta a bayan ƙofa da butar shayi a kai tana tafasa daga safe har yamma, igiya kuma ta ratsa ɗakin daga ƙusa zuwa ƙusa, don Kaka ba ta yarda a ga zannuwanta a shanye a waje. A saman bangon, kusa da rufi, akwai wata 'yar tagar iska da ba ta fi tafin hannu biyu ba.

Bara waccan tari ya kama ta. Likita ya ce sanyi ne da danshin ɗaki. Baffa kamar jira yake. Shi dama ya daɗe yana kallon ɓangaren nan yana ganin jerin shaguna a idonsa, allon ƙarfen nan kawai ke tsaye masa a wuya. Ya tara mu ya ce Kaka za ta koma gidansa, hawa na uku, inda akwai tayil da gilashi, shi kuma zai kira ofishin su zo su ga bangon ya ruɓe. Kaka ta ce hawa na uku sai dai a kai gawarta, kuma ko gawar sai ta yi gardama a kan bene. Baffa ya ce ba shawara ya kawo ba.

Nan Hanci ya buɗe baki, abin da yake yi sau biyu a shekara. Ya ce a ba shi ɗakin, zai mayar da shi mai ɗumi kuma busasshe, Kaka ta zauna abinta. Baffa ya dube shi sama da ƙasa ya ce ya ba shi sati uku, kafin sanyi ya shigo. In ɗakin ya gyaru, shi ke nan. In kuwa danshi ya dawo, ranar za a ɗaure kayanta, kuma kada wani ya zo masa da kuka.

Washegari Hanci ya zo da tsani ya gyara indararon da ya tsage a bayan ɗakin. Sannan ya shigo da abin da yake taƙama da shi, wato gwajin leda. Ya yanko farar leda murabba'i, ya manna a jikin bangon daidai kan gadon Kaka, ya bi gefe huɗu da salatif ya like ruf. Ya yi mana bayani kamar yana gaban ɗalibai: kwana uku za a bar ta. In raɓa ta taru a ƙarƙashin ledar, tsakaninta da bango, to ruwan daga cikin bango yake fitowa. In kuma a samanta ta taru, ɓangaren ɗaki, to bangon lafiyarsa ƙalau, iskar ɗakin ce ke ɗauke da tururi, tana taɓa bango mai sanyi tana zama ruwa. Kowanne da maganinsa. Ya ce kada kowa ya taɓa. Ya dube ni ya sake cewa kada kowa ya taɓa.

Na ce masa ni da nake buɗe cikin waya in ga jijiyoyinta, ba ni da lokacin ledar burodi.

Ni ke kai wa Kaka burodi kowace safiya kafin in buɗe shago. Safiyar farko na yi sallama na ɗaga labule, sai na gan ta durƙushe a kan gado, ta juya mini baya, da gefen zaninta a hannu tana goge ledar. Kafin ta kai ga kusurwar ƙarshe na gani da idona: raɓa ce jere a samanta kamar goshin ɗan dako, har tana gangarowa. Ta goge tas. Ta juyo ta gan ni.

"Me ka gani?" in ji ta.

"Na ga tsohuwa tana aikin magini."

"Ba ka ga komai ba, ja'iri. In suka ga ruwa a nan, bene za su kai ni. Kai kuma in ka buɗe wannan bakin naka mai kama da ƙofar gareji, na daina saninka."

Gaskiya ita ba ta fahimci zancen sama da ƙasan leda ba. Abin da ta riƙe shi ne ruwa a bango yana nufin hawa na uku. Ni kuwa na fahimta sarai, don ina wurin aka yi bayanin. Na san ruwan saman leda labari ne mai daɗi, shi ne ma zai cece ta. Amma sai na hango fuskar Hanci ranar da ledarsa mai tsarki za ta yi masa ƙarya, shekara ashirin ina jiran in ga ya yi kuskure ko sau ɗaya. Na ce mata bakina alekum. Kwana uku tana gogewa, kwana uku ina riƙe mata kofin shayi.

Rana ta huɗu Hanci ya zo ya ɓare salatif. Sama a bushe, ƙasa a bushe. Ya juya ledar ya sake juyawa. Ya shinshina iskar ɗakin ya ce hancinsa na gaya masa wani abu dabam. Na ce to yau dai a zaɓa, ko hanci ko leda, tunda duka biyun nasa ne. Ya tambayi Kaka ko wani ya taɓa, ta ce ita da ƙyar take ɗaga hannu ta yi salla, ina ita ina bango. Ya dube ni. Na ce ni ma da ƙyar nake ɗaga hannu. A ƙarshe ya yanke cewa tabon danshin daga tsohon indararon ne, tunda ya gyara shi, magana ta ƙare, saura maganin sanyi.

Abin da ya so yi shi ne yaɓen farar ƙasa mai kauri, a kwaɓa da dusar katako da yankakken zaren rama, wanda ke riƙe ɗumi kuma ya bar bango ya yi numfashinsa. Amma wannan shafi uku ne, kowane sai ya bushe kafin a ɗora wani, wata biyu ke nan. Baffa ya ce sati uku ya ce, kuma an ci kwana huɗu a kallon leda. Ya sa aka sauke allunan soso a tsakar gida, irin waɗanda ake mannawa a bango a rufe da falanki, ya ce ga abin da mutanen zamani ke amfani da shi, kwana biyar an gama. Hanci ya zagaya allunan nan kamar an ajiye masa mushe. Ya ce soso ba ya barin tururi ya wuce, kuma bangon da ke bayansa zai ƙara sanyi tunda an raba shi da ɗumin ɗaki, in tururi ya sami kafa ya shiga tsakani, can zai zauna ba mai gani. Baffa ya ce wane tururi, ba ledarka ta ce ɗakin a bushe yake ba?

Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya sauka daga aƙidarsa, kuma saboda Kaka ya sauka. Ya manna soso, ya rufe da falanki, ya ƙi fentin mai ya shafa na ruwa, ya bar 'yar tagar iskar nan a buɗe, ya ja wa Kaka kunne kada a rufe ta. Ya ce risho da wanki su koma waje. Ta ce to, mai gida, duk abin da ka ce. Yana fita da tsaninsa ta sa ni na hau akwati na cusa tsohon matashin kai a tagar, wai iska na busa mata wuya. Risho bai yi ko taku ɗaya ba. Igiya ta koma ƙusarta.

Sai aka kira shi aiki wani gari, gyaran wani tsohon ɗakin karatu, wata uku.

Watan farko ɗakin ya yi ɗumi kamar cikin aljihu. Kaka ta riƙa sa wa Hanci albarka, ni ina jin kamar ana soka mini allura. Wata na biyu wani wari ya fara, irin na tsumman da aka manta a bokiti. Ta ce in kawo turare. Muka yi ta turare har sauro ya yi hijira daga unguwar, warin yana nan. Baƙin tabo ya fito a kusurwar sama, ya fara rarrafowa. Tarin ya dawo, ya fi na da, irin wanda ke sa ta riƙe ƙarfen gado. A nan dariyar ta fara ƙare mini, amma na riga na yi nisa, in na yi magana yanzu me zan ce na yi wata biyu ina yi? Na ci gaba da kawo turare.

Baffa ya zo gaishe ta ya ji tarin, ya ga tabon. Ya yi murmushi. Ya sa ranar Talata da hantsi, ya kira jami'ar ofishin tsofaffin gine-gine, ya aika wa Hanci ya dawo ya buɗe aikinsa da hannunsa a gaban mutane. Daren Litinin bai yi ba sai da Kaka ta sa na zare matashin daga taga, na fitar da risho, na kwance igiya.

Talata Hanci ya iso da jakar kayan aikinsa. Tun daga ƙofar shagona ya tsaya cak, hancin ya buɗe, fuskarsa ta canza. Bai gaishe ni ba, dama ba ya yi. Jami'ar wata doguwar mata ce da takarda a allo, ba ta dariya, ina jin ko a gidansu sai an cika fom kafin ta yi. Muka shiga mu huɗu har da Baffa, Kaka na zaune a kan akwati a tsakar gida tana kallonmu ta ƙofa.

Hanci ya sa guduma ya ɓanɓare falanki na farko, ya janye soson. Abin da ke baya ba ya faɗuwa. Bangon baƙi ƙirin da fumfuna, yana naso, ruwa na bin bayan soson yana ɗiga a ƙasa. Warin ya buge mu har jami'ar ta ja baya ta rufe hanci da takardarta. Ya hau tsani ya danna kan katakon rufin da ya shiga bangon, yatsansa ya ɗan nutse.

Baffa ya gyara tsayuwa. Ya ce wa jami'ar ta gani da idonta: an gyara indararo, an gwada ɗaki an ce a bushe yake, an rufe bango, ga ruwa. Daga ina zai fito in ba daga cikin bangon ba? Ginin ya sha ruwa daga tushe, ya ruɓe, gobe zai faɗo wa tsohuwa a ka. Sannan ya juya kan Hanci, ya wanke shi tas. Ya ce shekara ashirin yana yawo yana lasar bangon mutane kamar akuya, yana raina masu siminti, ga shi ɗaki ɗaya na kakarsa ya mayar da shi rijiya. Ya ce da kurman da ya koya masa aiki yana da rai, da ya gode wa Allah da bai ji wannan ba.

Ranar da na yi shekara ashirin ina jira ke nan. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran daɗin ya zo, bai zo ba.

Hanci ya sauko daga tsani. Ya ce laifinsa ne, shi ya manna soson, bai kamata ba. Amma ya roƙi a bar shi ya huda bangon ya ga cikinsa, don bai yarda daga tushe ruwan yake ba. Baffa ya ce ba zai ƙara taɓa bangon nan ba ko da farce. Jami'ar ta duba takardarta ta ce a rahoton da shi Hancin ya kai musu da kansa kafin aiki, ya rubuta iskar ɗakin a bushe take. In haka ne, ba ta da dalilin zargin wani abu sai bangon, kuma ba za ta bar wanda aikinsa ya lalace ya yi wa kansa alƙalanci ba. Ta cire murfin biro.

Na waiwaya tsakar gida. Kaka ta sauka daga kan akwatin ta buɗe shi. Ta shimfiɗa babban zani a ƙasa, tana ɗauko sauran ɗaya bayan ɗaya tana ninkewa tana jerawa a kai. Ba wanda ya ce ta fara. Tana yi tana tari.

Kada wani ya ce tausayin Hanci na ji. Ban ji ba, har yanzu ban ji ba.

Na ce, "Hajiya, kafin ki rubuta. Ledar nan ba a bushe take ba."

Duk suka juyo. Na faɗi komai, da yake an ce ba a kashe ni. Na faɗi raɓar da ke saman leda, da gefen zani, da kwana uku. Na faɗi matashin da na cusa a taga da hannuna, da butar da ke tafasa daga safe zuwa yamma, da wankin da ke shanye a kan gado wata uku, da yadda muka kwashe su jiya. Na je bayan shago na ɗauko matashin na ajiye a gabanta, har yanzu da sanyin danshi a jikinsa.

Daga tsakar gida Kaka ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, munafuki. Shayina da ka sha, ya fito maka ta hanci."

Baffa ya ce ƙarya ce, haɗin baki ne na 'yan uwa. Jami'ar ta dube ni, ta dubi Hanci, ta tambaya ko muna shiri. Kowa a gidan ya amsa mata a tare cewa ba ma yi. Ta mayar da murfin biro ta ce a huda.

Hanci ya kankare baƙin da ke sama, ya sa ƙarfe ya fara haƙa tsakanin duwatsu biyu. Kaurin yatsa ɗaya, jiƙaƙƙen yaɓe. Kaurin yatsa biyu, ya fara haske. Daga nan sai gari fari, busasshe, yana zubowa kamar an fasa buhu. Ya huda a ƙasa dab da daɓe, inda ruwan tushe zai fara nunawa in akwai shi, nan ma haka. Ya zuba garin a tafin jami'ar. Ta murza, ta rubuta cewa bangon lafiya lau, ruwan daga tururin ɗaki ne da aka kulle a bayan soso, a cire, a bar shi ya sha iska, a canza kan katako ɗaya. Ta ƙara da cewa ofishinsu bai yarda da rushewa ba. Baffa ya fita ko sallama babu, ya bar ƙofar mota a buɗe sai da ya kai kwanar titi.

Hanci ya je ya durƙusa gaban Kaka. Na ɗauka lallashi zai yi. Ya ce, "Kaka, ruwan da kika goge, shi ne shaidarki. Da kin bar shi, da ranar nan na ce wa Kawu bangon ƙalau yake, a fitar da risho kawai. Kin goge shi kin yi wata uku kina shaƙar wannan."

Ta ce, "To wa ya gaya mini? Kai bayaninka sai mai digiri. Ka ce ruwa, na ga ruwa."

"Akwai wanda ya gane bayanin," in ji shi. Bai ko dube ni ba.

Duk da haka sai da ta hau benen, don ba a kwana cikin fumfuna. Sati bakwai ta yi a hawa na uku, matar Baffa ta ce sun fi mata shekara bakwai, don kullum Kaka na zaune a bakin taga da ƙullin kayanta a cinya, ta ƙi kwancewa, duk wanda ya shigo sai ta tambaye shi ko bangon ya bushe. A nan gida kuwa Hanci ya kwashe soson ya tara a ƙofar shagona, daidai inda masu kawo gyara ke tsayawa, ya ce kada in taɓa. Ya wanke bangon, ya bar ƙofa da taga a buɗe, ya canza kan katakon, sannan ya yi yaɓensa na farar ƙasa da dusar katako, shafi uku, yana jiran kowane ya bushe, ba mai ce masa sati uku. Tagar iskar ya ƙara mata faɗi ya sa mata ragar ƙarfe mai ƙananan ido, wadda ko zare ba ya shiga balle matashi. Ya yi wa risho 'yar rumfa a bakin ƙofa, ya zare ƙusoshin igiya ya tafi da su gidansa.

Kaka ta dawo ranar wata Asabar da safe. Ta shiga, ta shafa bangon, ta ce ya yi kaushi kamar bayan kada, kuma ɗakin na warin alli. Ta kwance ƙullinta ta mayar da zannuwa akwati. Tarin ya ragu, yanzu sai in ta ga Baffa.

Ni dai ba ta yafe mini ba. Burodin da nake kai mata, ta ƙofa take miƙo hannu ta karɓa, shayi kuwa na ga ƙarshensa. Wai na tona mata asiri a gaban baƙuwa. Shi kuma Hanci wai na rufe asirin wata uku. Duk ta inda aka juya ni ne mai laifi, alhali ban manna soso ba, ban goge leda ba.

Ya sake manna wata ledar, wannan karon can sama dab da rufi, inda ko Kaka ta hau akwati uku ba za ta kai ba. Duk Asabar yakan zo ya duba. Yakan tsaya a ƙofar shagona, sai in tashi in bi shi in riƙe masa tsani, don ƙafar tsanin ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Makon jiya yana sama yana shafa ledar, na ce masa yaya, leda ta faɗi gaskiya yau? Ya sauko a hankali, ya naɗe tsaninsa, ya matso ya shinshina kafaɗata.

"A bushe take," in ji shi. "Kai ne dai har yanzu kake wari."